Me ya sa std::array na C++ ya ƙi karɓar girman da na shigar?

Ka ce ka karɓi girman, wato n, ta std::cin (hanyar da shiri ke karɓar abin da mutum ya shigar), ka rubuta std::array<int, n>, kwamfaila (manhajar da ke harhaɗa shiri) ta yi maka tsaye. Ɗan'uwa, da gaskiyarta. Girman std::array wani ɓangare ne na nau'insa, dole a san shi tun lokacin harhaɗa shirin, kafin ya fara aiki. Kai, har array<int, 5> da array<int, 6> nau'i biyu ne daban, ba za ka zuba ɗaya cikin ɗaya ba. In sai shiri ya tashi za a san adadin, to std::vector, mai girman da ke iya canzawa, shi ne naka. In kuwa adadin a tsaye yake, kamar kwanakin mako, rubuta constexpr int n = 7; magana ta ƙare.

Tunda ka shigo, bari in ja kunnenka kan abin da ya taɓa cinye min dare guda. Na rubuta std::array<int, 7> kwana a cikin wani aiki (function), na ɗauka sifili ne a ciki. Ashe tarkacen da ya tarar a ƙwaƙwalwa ne, jimillata tana fitowa da lambobi marasa kan gado. Rubuta kwana{} duka su zama sifili.

Sannan kwana[7] ya wuce iyaka, tunda gurabun daga 0 zuwa 6 suke, amma ba ya dubawa, shiru zai yi ya taka gonar wani. Shi kuwa kwana.at(7) zai jefo kuskuren std::out_of_range nan take. Ni dai at nake so ga mai koyo.

Kar ka manta da #include <array>, kuma sai C++11 zuwa sama.