Kumburin gwiwa: wane hoto ya kamata a yi?

Tambaya: Likita, sana'ata sa tayil, a durƙushe nake wuni. Ƙoƙon gwiwata ya kumbura kamar ƙwai, na yi hoton ƙashi an ce lafiya ƙalau. To me ke damuna? (Daga Kaduna)

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Tsakanin fata da ƙoƙon gwiwa akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa da ke rage gogayya. Yawan durƙuso a kan siminti na sa ta tara ruwa ta kumbura. A turance sunan ciwon bursitis. Hoton X-ray ƙashi yake nunawa, jakar kuwa ba ƙashi ba ce. Amfaninsa a nan shi ne tabbatar da babu karaya ko amosanin gaɓa. Mai nuna jakar sosai shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. A shafa man nan mai sanyi, a ɗora na'urar a gwiwa, sai ga ruwan baƙi ƙirin a allo. Sau da yawa ma hannun likita kaɗai ya isa ya gane shi. Ka samu soso mai kauri ka riƙa durƙusawa a kai.

Tambaya: An ce a yi wa mahaifiyata hoton MRI na gwiwa, kuɗin ya fi ƙarfinmu. Dole ne? (Daga Maraɗi)

Amsa: Ku koma ku tambayi likitan me yake zargi. In guringuntsi ko jijiyoyin cikin gwiwa ne, MRI, wato hoton da ake yi da na'urar maganaɗisu, ya fi komai. In kumburin saman ƙoƙo ne kawai, ni da sikanin zan fara.

Tambaya: Gwiwar mijina ta kumbura, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi. Wanzami ya ce zai yi tsaga. Mu fara yin hoto? (Daga Gusau)

Amsa: Don Allah 'yar'uwa kada a yi tsagar nan, ƙofa za a buɗe wa ƙwayoyin cuta. Ku tafi asibiti yau. Hoto zai nuna akwai ruwa, amma ba zai tabbatar ko mugunya ce ba. Sai an zuƙo ruwan da sirinji an kai ɗakin gwaji, a duba ƙwayar cuta ko gishirin ciwon gawut, wani ciwon gaɓoɓi da taruwar gishirin ke jawowa. In maigidan na da ciwon suga, ku faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.