Tambaya da Amsa: Na zuba yuriya sau biyu amma masara ta ƙi yin kore

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah a taimaka min. Bana sau biyu ina zuba wa masarata yuriya amma ganyen sama ɗin nan sabbin fitowa sun ƙi yin kore, sai wani rawaya-rawaya kamar mara lafiya, na ƙasa kuwa lafiyarsu lau. Wani abokina yace in nemi amoniyam salfet wai ya fi yuriya. Da gaske ne? In haka ne in daina sayen yuriyar kawai in huta.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To ai ka riga ka ba da rabin amsar da kanka da kace ganyen sama ne suka yi rawaya. In naitrojin ne ya yi wa masara ƙaranci tsofaffin ganye na ƙasa ne ke fara rawaya, daga tsinin ganyen abin ya biyo tsakiya, saboda shuka tana iya kwashe naitrojin daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Salfa kuwa, wato farar wuta, ba ta yawo a jikin shuka haka, inda ta zauna ta zauna, shi yasa in babu ita sabon ganye ne ke fara nunawa. Kuma yuriya ko ɗigon salfa babu a cikinta, ko sau biyar ka zuba ba za ta ba shukar abin da ba ta da shi ba. An fi ganin haka a ƙasa mai rairayi wadda ruwa ke wankewa kuma an daɗe ba a sa mata takin gargajiya ba. Sai dai ƙarancin zink ma yakan taɓa sabon ganye, shi yafi zuwa da zane-zane fari, don haka in da hali a yi gwajin ƙasa ko malamin gona ya leƙa ya gani da idonsa.

Maganar wai ya fi yuriya kuwa, abokinka ya ɗan zarce. Amoniyam salfet naitrojin ɗinsa kashi 21 ne cikin 100, salfa kashi 24, ita yuriya naitrojin kashi 46 gare ta. Kaga kenan buhu mai kilo 50 na yuriya kilo 23 na naitrojin ne a ciki, na salfet kilo 10 da rabi kacal, sai ka zuba buhu biyu da ɗoriya kafin ka kamo buhu ɗaya na yuriya, ga ɗauka ga wahalar zubawa. Ni shawarata ka sa amoniyam salfet ɗin a zubin farko don shukar ta samu salfa da wuri, ka ƙarasa da yuriyarka, kuma kar ka manta babu fosfaras babu fotash a cikinsa, bai ɗauke maka NPK ba. Albasa da tafarnuwa da kabeji ma suna son salfa sosai, yajin albasar nan da ke sa hawaye ai daga salfa yake.

In ka buɗe buhun za ka ga kamar sikari ko gishiri, wani fari tas wani ya ɗan yi ruwan toka ko ruwan ƙasa, kar launin ya dame ka, da yawansa daga masana'antun nailan da na ƙarfe yake fitowa shi yasa. Baya saurin jan danshi ya dunƙule kamar yuriya, wannan kam na yaba masa.

Inda nake so ka yi hattara shine tsami. Wannan takin yana ƙara wa ƙasa tsami fiye da yuriya nesa ba kusa ba, in ƙasarka dama mai tsami ce kuma ka dinga zuba shi shekara da shekaru za ka ga amfani yana ja da baya kana ta mamaki. Kar ka haɗa shi da toka ko laim, wato farar ƙasar da ake zubawa don rage tsamin ƙasa, a wuri ɗaya, warin amoniya zai tashi, naitrojin ɗinka ne ke bin iska. Ka binne shi ɗan nesa da gindin shuka kamar tsawon yatsa, lokacin da ƙasa ke da danshi, in ya taɓa saiwa ko iri kai tsaye yana ƙonawa.