Wayarka da Kwamfutarka: goge suna ba ya ɓoye mutum

Tambaya: Ina karatun kwamfuta a Aliero. An ba ni bayanan marasa lafiya na wani ƙauye in yi nazari, aka ce in kare sirrinsu. Na goge sunayen duka. Ya isa?

Amsa: Bai isa ba, ƙanwata, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗauki layi ɗaya a cikin jerin naki: mace, shekara 71, unguwa kaza, ciwon suga. Tsofaffi nawa ne haka a ƙauye guda? Ko yaron da ke tallan albasa zai kai ki ƙofar gidan. A Amurka ma, mai yawan jama'a, wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya sun isa a gane kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar.

Ki gwada fazi lojik, wanda ni nake ce wa lissafin kusan-kusan. Lotfi Zadeh ne ya fito da shi a 1965 a Jami'ar Kalifoniya. Kwamfuta ta saba da e ko a'a, 1 ko 0, shi kuwa ya ce abu na iya shiga rukuni ba tare da ya shiga gaba ɗaya ba, kamar mudun shinkafar da bai yi tozo ba amma ba za ki ce babu komai a ciki ba. Sai ki cire 71 ɗin, ki sa matsayinta tsakanin 0 da 1, misali 0.8 a rukunin dattijai. Manhajar haƙo bayanai, wato mai zaƙulo alaƙa a cikin tarin bayanai, za ta ci gaba da ganin cewa suga ya fi kama manya, amma ainihin shekarun sun dushe.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne su manna ƙa'idar da suka bi wajen juya shekaru zuwa waɗannan lambobi a bayan kundin bincike. To, kin kulle ɗaki kin rataye mabuɗi a ƙofa, mai ɗan lissafi zai mayar da 0.8 zuwa 71. Unguwar ma ki haɗe ta da maƙwabtanta. In kuma kika dusar da komai fiye da kima, binciken ya zama kunu. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, don haka kada in ji an tura fayil ɗin a rukunin WhatsApp na aji.

Tambaya: Wayata na zafi in ina caji. Daga Yauri.

Amsa: Bar kallon TikTok tana caji, malam, ka cire mata riga, ka yar da cajar nan ta bakin tasha.

Tambaya: An turo mini adireshin intanet na tallafin manoman shinkafa, suna neman NIN da BVN da lambar da banki zai turo. Daga Argungu.

Amsa: Alhaji, kai ne kifin, wannan kuma koma ce. Goge shi.