Me Ya Sa Ake Sanyi a Turai Lokacin da Ake Zafi a Ostareliya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun ina makaranta na ɗauka ana yin zafi ne idan duniya ta matsa kusa da rana, sanyi kuma idan ta yi nisa. Sai ga shi a watan Disamba na ga a labarai dusar ƙanƙara na zuba a Turai, a Ostareliya kuwa jama'a sun cika bakin teku saboda zafi. Ba duniya ɗaya ba ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ai tambayar taka ta riga ta rushe wancan bayanin. Da nisa ne ke kawo sanyi, da duniya duka ta yi sanyinta tare. Hasali ma a farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, wajen miliyan 152. Wato lokacin da mutanen Landan ke rawar ɗari, a lokacin ne duniya ta fi matsowa kusa da rana.

Maganar tana wajen karkata. Ka ɗauka an soke duniya da sanda daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, tana juyawa a kanta. To sandar nan ba a miƙe take ba, ta karkace da digiri 23.4. Kuma duk zagayen da duniya ke yi wa rana a shekara, kan sandar wuri ɗaya yake nunawa a sama, wajen tauraron arewa. Saboda haka a watan Yuni rabin duniya na arewa ne ya rusuna wa rana. Bayan wata shida, duniya ta koma ɗaya gefen, sai na kudu ya karɓi wurin.

Gwada wannan da dare. Haska bango da tocila kai tsaye, za ka ga ƙaramar da'ira mai haske ƙal. Karkata hannunka kaɗan, sai hasken ya baje, ya yi tsawo, ya dusashe. Batir bai ragu ba, fili ne ya ƙaru. Haka rana take. Idan ta yi sama sosai, zafinta yana taruwa wuri ɗaya. Idan tana rarrafe can ƙasa kusa da inda take fitowa, zafin nan ne dai ake rabawa a fili mai faɗi.

Sai kuma tsawon yini. A Landan, wajen 21 ga Yuni, rana kan yi fiye da awa 16 da rabi a sama, amma wajen 21 ga Disamba ba ta kaiwa awa 8. A birnin Tromso na Norway, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa sam, a tsakiyar hunturu kuma sai a yi makonni ba a gan ta ba. Sidni ta Ostareliya da Buwenos Aires ta Ajantina, da yake a rabin duniya na kudu suke, suna ganin kishiyar wannan lissafi. Sau biyu a shekara, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba, babu ɓangaren da ya fi wani fuskantar rana, sai dare da yini su kusan yin daidai ko'ina.

Kada ka yi mamaki idan ka ga zafin arewa ya fi tsanani a Yuli da Agusta, alhali yini mafi tsawo ya wuce tun Yuni. Ƙasa da teku ba sa ɗaukar zafi nan take, kamar ruwan da aka ɗora a wuta ne.

A yankin tsakiyar duniya kuwa, tsakanin digiri 23.4 arewa da 23.4 kudu, labarin daban ne, kuma a ganina nan ne littattafan makaranta suka fi gaza yin bayani. Rana ba ta taɓa yin ƙasa sosai da tsakar rana a wannan yanki. Sau biyu a shekara takan tsaya cak a ka da tsakar rana, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. A birni kamar Kito na ƙasar Ikwado yini awa 12 ne kusan kullum. Don haka abin da ke raba shekara a nan ruwa ne: damina da rani.

Inda rana ta fi dukan ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi sama, iskar arewa da ta kudu su haɗu a wurin, hadari ya haɗu, ruwa ya sauka. Wannan ɗamarar hadari tana bin rana arewa da kudu, amma tana biye da ita a baya da wata ɗaya ko biyu. Garuruwan da ke kusa da layin tsakiya tana ratsa su sau biyu, shi ya sa Nairobi da Kampala ke da damina biyu, ta Maris zuwa Mayu da ta wajen Oktoba zuwa Disamba. Waɗanda ke gefe kuwa damina ɗaya suke samu. A Indiya ruwa kan fara sauka a jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, bayan an sha ƙunar Afrilu da Mayu, yayin da Darwin a arewacin Ostareliya take samun nata daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Nisan da ka ambata dai bai tashi a banza ba. Idan duniya ta matso kusa da rana takan ƙara sauri, shi ya sa hunturun arewa kwana 89 ne, lokacin zafinta kuma ya haura kwana 93.