Amsa: kashe azzalumin shugaba bayan ya faɗi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daidai ne a kashe shugaban da ya zubar da jinin mutanensa in an hamɓarar da shi. Ni dai ban ce Saddam Hussein, tsohon shugaban Iraƙi, bai cancanta ba, wallahi jini a hannunsa ba kaɗan ba ne, kuma ƙisasi a addininmu ba baƙon abu ba ne. Amma duba yadda aka yi. Ranar 30 ga Disamba 2006, safiyar Babbar Sallah, muna shirin zuwa Idi rago na ɗaure a tsakar gida sai ga labari, daga baya bidiyon waya ya fito, igiya a wuyansa masu gadi na masa ihu da sunan Muqtada al-Sadr, malamin Shi'a, yana cikin kalmar shahada aka saki katako. Wannan ramuwa ce ta ɓangare, har waɗanda suka tsane shi sai da suka ji wani iri.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, a kan kisan mutum 148 na garin Dujail kawai aka rataye shi, shari'ar Anfal ta kisan kiyashin da aka yi wa Kurdawa ba a gama ba, ya tafi da amsoshinsa.

Kwatanta da Hissène Habré, tsohon shugaban Chadi. A Dakar ta Senegal aka zaunar da shi gaban kotu, matan da aka ci zarafinsu suka tsaya gabansa suka faɗa da bakinsu, 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, 2021 ya mutu yana fursuna. Ni wannan na fi so gaskiya.