Gyaran Gidan Innarki da Ƙofar da Ta Hana a Toshe

Assalamu alaikum, 'yata. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da sauran 'yan'uwa na nan Makka. Mu ma a nan Sudan lafiya lau, sai zafin bazara da ya fara kankama. Ƙaninki ne ke riƙe da waya yana rubutawa, ni kuma ina faɗa.

Ya karanta mini saƙonki. Kin ce kin turo kuɗi a gyara wa Innarki gida: a kwashe dangar kara a ja katangar bulo, a sa ƙyauren ƙarfe, a yi wa ɗakinta siminti da fenti. Kin so a damƙa wa ɗan kwangila ya gama a wuce wurin, sai Innarki ta ce ita sai an kira gayya, kuma ƙaramar ƙofar nan da ke tsakaninta da maƙwabta ba mai toshe ta tana raye. Kin yi lissafin abincin da za a dafa wa 'yan gayya, kin ga ya kusa kamo ladan leburori. Shi ne kike tambayata ko wannan addini ne ko al'ada, in kuma al'ada ce, ko dole ne.

Gayya ba farilla ba ce, ƙofar ma ba farilla ba ce. Wanda ya biya lebura ya yi aikinsa bai yi zunubi ba. Amma haƙƙin maƙwabci kam addini ne. Kin san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Akwai ma wanda ya shafi gini kai tsaye, inda aka hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin katangarsa. To gayya da ƙofar nan hanyoyi ne da mutanen garinmu suka saba sauke wannan haƙƙi da su. In kin rufe su, sai kin samo wata hanyar, ni kuwa ban ga wadda za ki samo daga Makka ba.

Kin bar garin nan kina ƙarama, saboda haka ki saurari yadda gidan da kike son gyarawa ya samu. Kakanninmu ba da jari suka zo ƙasar nan ba. Wasu hanyar hajji ta kawo su a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na jirgin ruwa har zama ya kama su. Wasu kuma sun biyo ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har gaɓar kogi kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu suka yi ta aiki a can, daga baya wasu suka gangaro nan yankin Gadarif saboda noman dawa da riɗi. Duk wanda ya iso, waɗanda suka riga shi ne ke haɗuwa su yi masa ɗaki kafin ruwa ya sauka. Mun kuma tarar 'yan ƙasa suna yin irin haka, su suna ce masa nafir. Ɗakin da aka kai Innarki tana amarya, ba a biya kowa ko sisi ba wajen gina shi. Mazan unguwa suka yanko ciyawa, suka ɗaure jinka a ƙasa, suka ɗaga ta da kabbara suka ɗora. Karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu da idonmu muke ganinta kowace shekara.

Daɓen ɗakin kuwa ina cikin waɗanda suka yi shi. An zuba tsakuwa da jar ƙasa da aka ɗauko daga nesa a bayan jakuna, aka yayyafa ruwa, muka durƙusa a jere kowa da madaɓinta. Wata tsohuwa na ba da waƙa muna amsawa, bugun na tafiya tare da amshi, in wata ta saɓa sai a yi mata dariya. Tun kwana biyu kafin ranar an jiƙa bagaruwa a randa, domin a nan ɗorawa ba ta samuwa balle a yi makuba irin ta ƙasar Hausa. Ana bugu ana yayyafa ruwan bagaruwar har ƙasa ta yi duhu ta ɗauki sheƙi, ki sa tafin hannu ki ji ta sumul. Wadda ta fi kowa ƙarfin bugu a ranar, ita ce matar da ke bayan wannan ƙofa da kike so a toshe. A lokacin goyon ɗanta na fari take, ta kwance shi ta ajiye a inuwa ta shigo layi.

Kin ga ke nan gayya bashi ce, ba kyauta ba. Ba a rubuta ta, amma kowa ya san wanda ya zo masa da wanda bai zo ba. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin an kira aiki a unguwa ya zauna ba, ko yankan riɗi ne ko haƙar kabari. Mutanen da ya yi wa suna nan, 'ya'yansu suna nan. In aka ce yau gidansa ake gyarawa, sai suka ga baƙin fuska da motar yashi ba wanda ya ce musu kanzil, ba za su ɗauka an hutar da su ba. Za su ɗauka 'yar Makka ta yi kuɗi ta fi ƙarfin hannunsu. Ba wanda zai faɗa miki, amma Innarki ce za ta zauna da wannan maganar, ke kina can.

Kada ki ce Gwaggo ta ƙi zamani. Akwai aikin da ban yarda a ba 'yan gayya ba, na farkonsa katanga. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare har ƙafar ɗan akuya na faɗawa. Abin da ya sa ɗakin ciyawa, gutiyya, ya fi yawa a yankin nan ke nan, shi ƙasa in ta motsa yana binta. Katangar bulo kuwa in ba a haƙa mata tushe mai zurfi an sa rodi an cika da yashi ba, damina ɗaya ko biyu za ki ga ta tsage daga sama har ƙasa. Mun ga haka a gidajen waɗanda suka yi gaggawa. Nan kam ki nemi magini wanda ya san ƙasar, ki biya shi haƙƙinsa cikakke. Haka ma mai haɗa wayar sola, ba aikin sa-kai ba ne.

Ɗakinta kuma, ki bar maganar shafa siminti a bangon laka. Ba sa riƙe juna, simintin zai kumbure ya ɓare ya tafi da ƙasar bangon. Fentin mai shi ma yana kulle danshi a ciki ya yi ta saɓulewa. Abin da bangon laka ke so shi ne zibala a waje, wato laka da kashin dabbobi da ɗan ƙaiƙayi a kwaɓa a bari ya ruɓa kwanaki, sannan a shafe kafin ruwan farko. Ana kwaɓin yana wari, ban musa ba, amma in ya bushe ba ki jin komai, ruwa kuma sai ya zame ta kansa. Ciki kuwa jir, farar ƙasar nan da muke shafawa duk gabanin Salla, a jiƙa ta da ɗan gishiri don kada ta riƙa bin tufafi, a ɗiga mata bula kaɗan farinta ya fito. Ƙasan ɗaki ki yi siminti, ban ƙi ba, gwiwoyin matan yanzu ba na daɓe ba ne. Rufin kwano dai ki sake tunani. A watan Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a nan, tsohuwa ba ta iya wuni ƙarƙashin kwano. A sabunta mata jinkarta, a gyara rakuba, wato rumfar da take shan iska a tsakar gida. Shafe da jinka da rakuba da farar ƙasa, waɗannan su ne na gayya.

Sai ƙofar. Mutanen ƙasar nan suna ce mata nafaj, kuma ta dace da zamanmu, domin matar aure ba ta fita ta ƙofar gida da rana haka kawai. Ta nan ake miƙa garwashi, da gishiri, da ɗan kwanon miya in an yi mai daɗi. Ta nan ake jin tari ya yi yawa da dare a leƙo. Ranar da naƙudar haihuwarki ta tashi, ta nan aka shigo kafin mahaifinki ya gama neman takalminsa. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afirilu 2023, sannan Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, jama'a suka kwararo Gadarif har makarantu suka cika, gidan Innarki ya ɗauki baƙin da tukunyarta ba ta iya ci da su ba. Kullum da hantsi sai ga faifan kisra, wainar dawar nan ta 'yan ƙasa, ya shigo ta wannan ƙofa, ba sallama balle godiya. Yanzu Innarki ta manyanta, ƙaninki yana wuni a gona, wani lokaci ya kwana can. In ta zame a bayan gida, wa kike jin zai fara isa gare ta, ke ko wadda ke bayan danga?

Na san abin da ke damunki, domin ni ma ƙofar nan ta sha ɓata mini rai a nawa gidan. Ta nan gulma ke shiga ta fita. Ba ki sayi sabon zane ba sai an sani, ba ki yi baƙo ba sai an ƙirga kwanon da aka kai masa. Kaji su shigo su barbaza shanya, yara su shigo ba lokaci, aron turmi ya zama kyauta. Zaman ƙauye ba duka zuma ba ne, wanda ya ce miki haka yawon Salla kawai yake zuwa. Maganin wannan ba bulo ba ne. A bar gurbin ƙofar a sabuwar katanga, a sa mata ɗan ƙyaure da sakata ta ɓangaren Innarki. In tana son hutu ta sa sakata, ba wanda zai ji haushi, kowa na yin haka. Ƙyauren ƙarfe na waje kuma ki sa abinki, sai dai a bar randar ruwan da ke ƙofar gida inda take, masu dawowa daga gona sun saba da ita.

In kin yarda da gayyar, to tana da ladubbanta. Ba a kiranta ta WhatsApp. Ƙaninki zai gaya wa liman ya sanar bayan sallar Asuba, sannan ya bi gidajen dattawa da ƙafarsa, Innarki kuma ta aika wa mata. Har wanda ake 'yar tsama da shi a gaya masa, in ya ƙi zuwa shi ya sani, amma tsallake gidansa ya fi zagi ciwo. Ba a ba ɗan gayya kuɗi, ko da wasa kada ki ce a raba musu wani abu a ambulan. Abincinsu shi ne girmamawarsu: shayi da safe, tuwon asida da miya mai nama da rana, jabana, wato gahawa, in an tashi. Za a samu masu zuwa daidai lokacin sauke tukunya su tafi hannunsu ba laka, kowace gayya da irinsu, ba a tanka musu. Kafin magini ya ja igiya kuma, a kira maƙwabta su tsaya a kan iyaka, kada katanga ta ci ko taki ɗaya na wani. A duba inda ruwan tsakar gida zai bi ya fita don kada ya kwanta a gindin ɗakin mutane, taga kuma kada ta kalli tsakar gidan wani.

Tsofaffin kaya ba a kai su kasuwa. Karan danga, tsohon ƙyaure, gadon angarib ɗin da igiyarsa ta saki, duk akwai mai bukata a unguwa, Innarki ta san ko su wa ne. Ranar jere kuwa ki bar mata su yi yadda suka ga dama. Na ga hoton labule da kabad ɗin da kika zaɓa, sun yi kyau, amma kwallayenta da tasoshinta na aure za su koma bango ko kin so ko ba ki so ba, kada ki ɓata bakinki. In an gama za a sa turaren wuta, a dafa jabana, kowa ta shigo ta yi Allah sanya alheri ta taɓa labulen ta tambayi kuɗinsa. Za su tambaya, ki shirya.

Ke kuma da ba ki nan, naki bashin ba ya faɗuwa. Duk ranar da aka kira aiki a unguwa ƙaninki zai je da sunan gidanku, ke kuma ki riƙa tuna su da sukari da bunnu, wato 'ya'yan gahawa, in an yi biki ko rasuwa. In wani daga garin nan ya zo Umara ya neme ki, kada ya dawo ya ce bai ga ƙofarki ba.

Lokaci fa ya matso. Ruwa na iya sauka tun watan Yuni, daga nan kuma ba mai samun kowa sai an gama yankan riɗi a Oktoba, shi kuwa riɗi in ya nuna ba ya jiran mutum. Ciyawar jinka ma tana ƙara tsada kullum tun da aka gama kaka. Ki yanke shawara cikin makon nan a fara kwaɓa zibala, magini kuma ya fara haƙa. Kuɗin fentin da ba za a saya ba ya isa ɗan tunkiya da sukari, sai ki cika na rodi. Ki kira Innarki da bakinki ki gaya mata kin bar mata ƙofarta, kada ta ji daga wurina.

Ki gaida maigidanki da yara. In kin shiga Harami ki sa mu a addu'a, ki roƙa wa ƙasar nan zaman lafiya.

Gwaggonki.