Shin fita cikin itatuwa na ƙara farin ciki?

Malam, ka tambaya ko da gaske fita cikin itatuwa na faranta rai, ko kuwa halin mutum ne kawai, tunda ƙanenka kullum yana ɗaki a takure. Duka biyun suna da hannu.

A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba bayanan waɗanda aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a Amurka. Masu tagar da ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo samun sallama, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. A 2019 wani bincike a Ingila kan mutum kusan 20,000 ya nuna masu yin minti 120 a mako a cikin itatuwa da makamantan wurare sun fi cewa suna da lafiya da kwanciyar rai. Alaƙa ce dai aka gani, domin mai lafiya ma ya fi iya fita.

Ta fuskar hali, masu son ganin sabon abu da masu sauƙin kai sun fi jin kusanci da halittu.

Ni dai shawarata, kada ka tsaya yi masa wa'azi. Bayan La'asar ka ja shi ku gangara fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato, ku bi gefen lambunan albasa ana ban ruwa, ku gaisa da manoma. In bazara ta matsa, inuwar dogon yaro ma ta isa.

Amma in ya daina cin abinci ko barci na tsawon makonni, don Allah a kai shi wurin likita.